Shekara bakwai ina koyon abin da ake kira gashin ƙashi

Tun ina firamare Abba yake kirana likita. Idan ya dawo daga Kantin Kwari da yamma, kafin ya cire hula sai ya ce, "Ina likitar gidan nan?" Da wannan sunan na girma, don haka da na gama sakandare a 2016 babu wanda ya tambaye ni me zan cike a fom ɗin JAMB. An riga an sani. Na zauna jarrabawar, makina bai kai ba. Na sake zama a 2017, ya ɗaga sosai, amma masu neman likitanci a Jami'ar Bayero sun yi wa kujerun yawa nesa ba kusa ba. Yayana ne ya zaunar da ni ya ce, "Ko dai ki ƙara shekara a gida, ko ki canza kwas. Akwai fisiyo, darussan da ake nema duk iri ɗaya ne." Na je shagon wani mai kwamfuta a Kabuga aka canza mini, ina ji a raina kamar na sayar da wani abu nawa.

Da gurbin ya fito, na sami Abba a kan darduma bayan sallar isha'i na gaya masa.

"Fisiyo kuma? Mene ne shi?"

"Gashin ƙashi, Abba."

Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Gashin ƙashi har sai an yi shekara biyar a jami'a? Ai Inna ma tana yi, da tsumma da ruwan zafi." Ba don ya muzanta ni ya faɗa ba. Iyakar abin da ya sani ke nan, ni ma a lokacin ban fi shi sani ba. Ya sa mini albarka, ya ce Allah ya sa hakan ne mafi alheri, ya ba da kuɗin rajista.

Ƙofar shiga duk fannonin lafiya guda ce. Kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri da fiziks. A JAMB kuma Turanci da darussan kimiyyar nan uku, maki 400 gaba ɗaya, sannan tantancewar jami'a. Da wannan takardar ake neman likitanci da likitancin haƙori, da ita ake neman aikin jinya, da kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, da ɗaukar hoton cikin jiki, da awon ido, da namu na fisiyo. Abin da yake ba ni takaici har yau shi ne, a makarantarmu ta sakandare ba a taɓa zaunar da mu an lissafa mana waɗannan ba. Likita muka sani, sai nas. Yara nawa ne a Kano suke shekara uku suna maimaita JAMB a kan kwas ɗaya, alhali ga wasu ƙofofi a buɗe da ba wanda ya nuna musu?

Aji ɗaya ba shi da wani labari. Kimiyyar sakandare ce aka faɗaɗa, a manyan ɗakunan lakca na tsohuwar jami'a, inda sai ka yi sammako kake samun kujerar da za ka ji muryar malami.

Aji biyu ne ya nuna mana inda muka sa ƙafa. Anatomi, fisiyoloji da bayokemistiri, wato ƙirar jiki, da yadda yake aiki, da sinadaran da ke gudana a cikinsa. A wurinmu 'yan fisiyo anatomi shi ne jari, domin wanda zai yi aiki da hannunsa a jikin mutum dole ya san abin da ke ƙarƙashin fatar da yake taɓawa. Ƙashi 206 ne a jikin baligi, kowanne da sunansa da tudunsa da kwarinsa. Kowace tsoka sai ka san inda ta taso, inda ta kama, abin da ke ba ta umarni, da motsin da take yi. A nan na gane cewa kalmar jijiya da muke faɗa a gida kaya uku ta ɗauko: akwai mai ɗaukar jini, akwai mai kai saƙo daga ƙwaƙwalwa da laka, akwai kuma igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, irin agara. Idan tsohuwa ta ce maka jijiya ce take damunta, gaskiya ta faɗa, saura kai ka gano wacce daga ciki.

Ba na manta ranar da aka fara shigar da mu ɗakin gawa. Maganin da ake adana su da shi ya fi kama ido a kan hanci, kafin ka ankara hawaye yana zuba ba tare da kuka ba. Malamin ya ja mana kunne tun daga bakin ƙofa: ba dariya, ba waya, ba hoto. Aka yaye ƙyallen. Ba fuskar mutumin ce ta tsaya mini a rai ba, dunduniyarsa ce. Faso ne a jiki, irin na wanda ya sha tafiya a ƙasa da silifa. Nan take na tuna wannan ɗan wata ne, an yi masa suna, an goya shi. Mu da aka rene mu a kan cewa gawa gaggauta suturta ta ake yi, abin ya yi mini nauyi ƙwarai. Na yi masa addu'a a zuci, kuma haka na riƙa yi duk ranar da za mu shiga har muka gama.

A jikinsa na ga saƙar jijiyoyin nan da ke fitowa daga saiwoyi biyar a gindin wuya, su haɗe, su rabu, su sake haɗewa, su bi ta hammata su sauka hannu. Na zana ta a takarda ya fi a ƙirga ba ta zauna mini ba, sai da na ga farin zaren da idona. Jarrabawar ɗakin kuwa ta musamman ce. Za a jera tebura, kowanne da ƙashi ko wani sashe na jiki an soka masa tsinke, ga tambaya a gefe. Ƙararrawa tana kaɗawa za ka matsa gaba, ko ka rubuta ko ba ka rubuta ba. Gwajin farko na faɗi, domin haddar littafi na yi, na ƙi zama a gaban ƙashin kansa. Daga nan kullum bayan la'asar ina ɗakin ƙasusuwa, ina juya allon kafaɗa a hannuna ido a rufe har yatsuna suka san shi.

Muna farkon aji uku, a watan Maris na 2020, aka rufe makarantu saboda korona, malaman jami'o'i kuma suka shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai ƙarshen Disamba. A wannan zaman gidan ne abin da ya juya mini tunani ya faru. Cikin azumi, ana tsaka da dokar kulle a Kano, wani dattijo maƙwabcinmu, tela, ya tashi sahur sai kofi ya suɓuce daga hannunsa, baki ya karkace. Aka ce iska ce. Sai da aka kwana uku kafin a kai shi asibiti. Da aka sallamo shi, matarsa ta leƙo gidanmu ta ce wa Umma, "Ki turo mana 'yarki mana, ba gashi take karanta ba?"

Na je. Na tarar safe da yamma ana gasa masa ɓarin da ya shanye da tawul da ruwan zafi, da kyakkyawar niyya, don sun ji an ce gashi ne maganinsa. Da na ɗaga zanin na ga fatar cinyarsa ta yi bororo, ta saluɓe a wuri biyu. Bai ji zafin ba, domin ciwon ya tafi da jin taɓi a wannan ɓangaren. Na san ɓangaren ƙwaƙwalwar da abin ya taɓa, zan iya zana hanyar jinin da ta toshe, amma ban san yadda zan kwantar da shi ba, ban san yadda ake motsa masa kafaɗa ba. Iyakar abin da na iya cewa shi ne a daina ruwan zafin. Ya yi watanni a kwance, gwiwar hannunsa da yatsunsa suka ƙandare, gyambon kwanciya ya fito masa a ƙugu. Kafin mu koma makaranta Allah ya yi masa rasuwa. Allah ya jiƙansa da rahama.

Da aka koma, karatunmu ya tashi zuwa harabar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya, wanda kowa yake kira Asibitin Malam. Kullum sai in hau adaidaita sahu zuwa Ɗan'agundi, in canza wata ta bi titin gidan Zu ta fito Ɗangi. A darasin farko na amfani da ɗumi, malamar ta shigo da 'yan kwalabe biyu, ɗaya da ruwan ɗumi ɗaya da na sanyi. Ta ce kafin ka kusanto da kowane irin zafi jikin marar lafiya, sai ka sa ya rufe ido, ka taɓa masa su ɗaya bayan ɗaya ya gaya maka wanne ne wanne. Idan bai bambance ba, babu maganar zafi. Na zauna biro a hannu na kasa rubutu, cinyar dattijon nan kawai nake gani.

Shi ya sa nake da magana a kan sunan nan, gashi. Ina amfani da shi, don shi mutane suka sani, ko a asibiti idan ka tambayi sashenmu da shi za a yi maka kwatance. Amma yana ɓatar da mutane. Ɗumi ɗan ƙaramin yanki ne na aikin, kuma akwai wurare da yawa da yake cutarwa: kumburin da bai wuce kwana biyu ba, gaɓar da ba ta jin taɓi, ƙafar mai ciwon suga. Akwai fitilar ɗumi, akwai na'urar da ke tsikarar tsoka da lantarki, akwai mai aiki da sautin da kunne ba ya ji, duk mun koye su. Amma ƙashin bayan aikin shi ne bincike da motsi: ka gano me ya lalace, me ya rage, sannan ka tsara motsin da zai dawo da mutum ga harkarsa.

Kafin a bar mu mu taɓa marar lafiya, a jikin junanmu muka koya, mata da mata, maza da maza. Akwai wani ma'auni mai hannu biyu kamar almakashi da ake auna iya lanƙwasuwar gaɓa da shi. Ƙarfin tsoka kuma daga sifili zuwa 5 ake ba shi maki: sifili babu ko motsi, 1 ɗan ƙyafci ne kawai, 3 mutum ya iya ɗaga gaɓar da kansa sama, 5 cikakken ƙarfi. Mun koyi yadda ake juya wanda ba ya iya juyawa duk bayan awa biyu, yadda ake tayar da ƙato daga gado zuwa keken guragu ba tare da ka karya naka bayan ba, yadda ake auna tsawon sanda, da ƙafar da ake fara jefawa a hawa bene da wadda ake fara jefawa a sauka.

Wani abu kuma da babu shi a manhaja sai da muka koya a bakin gado. Da Turanci aka koyar da mu, amma ciwo da Hausa yake zuwa. Wani ya ce zogi, wani ya ce suka, wata ta ce raɗaɗi kamar an zuba barkono, wani ya ce ƙafar ta sage, ko kamar tururuwa tana bin ta. Waɗannan kalmomin ba ɗaya ba ne. Mai cewa tururuwa da barkono sau da yawa jijiyar saƙo yake nuna maka, mai cewa gwiwa tana riƙewa da safe sai ya ɗan taka ta saki, gaɓar yake nuna maka. Abokan karatunmu da ba sa jin Hausa sun sha wahala a nan, mu ne tafintocinsu, su kuma da yawansu kafin mu gama sun iya "ɗaga", "sauke", "matse hannuna", "sannu Baba".

Daga aji huɗu aka fara rarraba mu asibitoci. A Asibitin Ƙashi na Dala, wanda yake aiki tun 1959, na ga abin da haɗarin hanya yake yi wa matasa. A nan kuma na daina kallon kwas ɗinmu a matsayin ragowar likitanci. Ɗauki yaro ɗaya da mota ta buge ya karye a cinya. Mai ɗaukar hoto ne zai fito da karayar a gani. Mai gwaje-gwaje ne zai auna yawan jininsa, ya tantance wanda za a ƙara masa kada a sa masa wanda zai kashe shi. Likita ya yi aiki ya sa ƙarfe. Ma'aikatan jinya su kwana a kansa suna wanke ciwo suna ba da magani. Mu kuma tun washegari muke zuwa, mu sa shi jan numfashi, mu sa shi motsa idon sawu don kada jini ya daskare a ƙafa, mu bi shi har ranar da zai ajiye sanda. Idan ƙafar ba ta tsira ba, mai ƙera ƙafar roba ya karɓa. Cire mutum ɗaya daga wannan jerin, yaron ba zai koma gida yadda ya kamata ba. Kowanne kuma da hukumar da ke ba shi lasisi: masu gwaje-gwaje suna da MLSCN, masu hoto RRBN, mu kuma MRTB, wadda aka kafa da dokar 1988.

Maganar ɗori kuwa ba zan yi wa masu yin sa kuɗin goro ba. Suna kusa da mutane, ana yarda da su, kuma karaya mai sauƙi takan warke a hannunsu. Amma na ga hannun yaro da aka ɗaure da karare tamau har jini ya daina zuwa, aka kawo shi ya yi baƙi, ba abin da ya rage sai yankewa. Na ga gwiwar da ƙashinta ya haɗe lafiya amma ta ƙi lanƙwasuwa saboda ta daɗe a ɗaure, mai ita ba ya iya tsuguno ba ya iya zaman tahiya. Yatsu su kumbura, su yi sanyi, su canza launi bayan ɗori, wannan ba alamar magani yana aiki ba ce, a kwance a nufi asibiti.

Ɓangaren yara ya fi kowanne taɓa ni. Jariri ya zo da hannu ɗaya a sake, tafin yana kallon baya, saboda an sha fama wajen fito da kafaɗarsa a haihuwa, saiwoyi biyu na sama a saƙar nan da na gani a ɗakin gawa sun jawu. Yaran da doguwar naƙuda ko shawara ko sanƙarau suka taɓa wa ƙwaƙwalwa, shekara biyu wuya bai tsaya ba. Masu zuwa duniya da tafin ƙafa a murɗe, waɗanda ake gyarawa da filasta mako-mako idan an kawo su da wuri. Da kuma yaran da aka yi wa allura a ɗuwawu ba a inda ya dace ba, ta sami babbar jijiya, ƙafa ta riƙa ja a ƙasa. Iyaye su ce shan inna ce, alhali tun watan Agusta na 2020 aka tabbatar da kawar da ainihin ƙwayar cutar ta daji daga Afirka.

A 2022 aka sake tafiya yajin aiki, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Ƙawayena na sakandare wasu sun haihu biyu. Gwaggo duk zuwan da za ta yi sai ta ce, "Wai wannan karatu naki ba ya ƙarewa ne?" Umma ce take tare mini, ta ce a bar ta ta kai gaci.

Wadda ta koya mini aikin da gaske wata Hajiya ce da aka ba ni a wani asibitin da aka tura mu a 2023. Hawan jini ya shanye mata ɓarin dama. Ƙwaƙwalwa a saɓe take aiki, ɓangaren hagu ne yake juya dama, kuma a nan cibiyar magana take ga yawancin mutane, shi ya sa harshenta ya yi nauyi, sai ka kasa kunne. Na cika fayil da awo: kafaɗa maki 2, gwiwar hannu maki 2, manufa a kai 3 cikin mako kaza. Mai kula da ni ta karanta ta ce, "Duk daidai ne. Kin tambaye ta abin da ita take so?"

Na koma na durƙusa a gabanta na ce, "Hajiya, me kika fi so ki ga kin koma yi?"

Ta daɗe tana haɗa kalmomin. "'Yata, tafiya ba ta dame ni ba. Buta. In riƙe buta da kaina. In yi tsarki, in yi alwala, in daina kiran surukata."

Na koma gida na ɗauki buta na zauna a tsakar gida ina alwala a hankali, ina kallon kowace gaɓa tawa. Ashe aiki ne babba. Sai ka iya zama ba jingina ba tare da ka kife ba. Sai yatsu sun damƙi hannun butar, wuyan hannu ya karkata ta daidai yadda ruwa zai zubo ba ya kwarara ba. Sai tafi ya yi kwarmi ya riƙe ruwa, gwiwar hannu ta lanƙwashe ta kai shi fuska. Shafar kai tana neman kafaɗa ta ɗaga, wanke ƙafa yana neman ka sunkuya ka dawo. Washegari na tafi asibiti da sabuwar butar roba a jaka. Muka fara da ita babu ruwa, ina tallafe da gwiwar hannunta. Daga baya ruwa kaɗan a gindi, sannan rabi. Abin da ya sa ake maimaitawa sau ɗari shi ne, ƙwaƙwalwa tana iya buɗe sababbin hanyoyi a gefen wurin da ya mutu, amma sai an yi ta neman motsin a wurinta, kuma watannin farko su ne aka fi samun ci gaba. Shi ya sa jinkiri yake da tsada a wannan ciwon.

Ɗanta kuma, saboda ƙauna, da hannun da ya shanye yake jan ta idan zai tayar da ita. Na nuna masa da yatsana ramin da ya fara buɗewa a kafaɗar, na ce tsokar da ke riƙe da ita ta yi barci, ja zai iya gurɗa ta. Na koya masa ya riƙa kama ta ta ƙugu. Ita kuwa Hajiya ta gaya mini da a ce namiji aka haɗa ta da shi, da ba za ta iya faɗar maganar tsarki ba. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa 'yan mata su shigo fannin nan da yawa.

Muna cikin haka aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu, kuɗin mota ya tashi. Daga wani ƙauye bayan Dawakin Kudu ake kawo ta, kuma sai an ɗauki shata. Zuwa biyu a mako ya koma ɗaya, ɗaya ya koma bayan mako biyu. Na ga inda aka dosa, sai na ce a zo mini da surukar. Na zana mata motsi shida a takarda, na rubuta bayanin da Hausa, na sa ta yi a gabana har hannunta ya faɗa. Daga nan ba su sake zuwa ba. Bayan kusan wata biyu sai ga saƙon murya a WhatsApp, surukar ce: "Anti, yau Hajiya ta zuba ruwa da kanta, ta wanke fuska da dama. Yatsun dai har yanzu ba sa buɗewa duka, ƙafa kuma ni nake wanke mata. Ta ce a gaishe ki." Na saurare shi ya fi sau goma.

Aji biyar ya wuce da gudu: aikin bincike, da jarrabawar ƙarshe inda za a ba ka marar lafiyar da ba ka taɓa gani ba, ka bincike shi, ka tsara magani, ka kare abin da ka tsara a gaban malamanka da wani da aka gayyato daga wata jami'a. Mu tsarin shekara biyar muka tarar, yanzu jami'o'i suna komawa na shekara shida. Da yajin aiki da korona, sai 2024 muka fita. Aka rantsar da mu, hukumar ta ba mu lasisin wucin gadi, wanda da shi ake yin wata goma sha biyu na sanin makamar aiki a asibitin da aka amince da shi, kafin lasisi na dindindin da hidimar ƙasa. Samun gurbin wannan shekarar wani karatun ne mai zaman kansa, don masu fitowa sun fi guraben yawa. Na kai takardu asibitoci da dama a Kano da maƙwabtan jihohi, na yi watanni ina jira kafin Allah ya kawo nawa. Wanda yake aji biyar, ya fara haɗa takardunsa da tambayar lokacin ɗauka tun kafin ya fita.

Abba ya zo wurin rantsuwar da babbar rigarsa. Bai ce komai a kan sunan kwas ɗin ba, amma tun daga lokacin ya fara turo mini mutanen kasuwa: mai ciwon baya saboda ɗaukar dila, mai gwiwar da ta hana shi sujada. Na sha jin sa a waya yana ce wa wani, "Kada ku sa masa ruwan zafi, ku bari ta gani tukuna."

Ranar wata Talata da hantsi ina tsakiyar aiki sai ga kiransa, shi da ba ya kirana a lokacin aiki. Ya ce maƙwabcin shagonsa ne, suna cikin magana sai harshensa ya karye, gefen bakinsa ya zube.

Na ce, "Abba, ku ce ya ɗaga hannu biyu."

"Ɗaya ba ya tashi."

"Kada a ba shi ruwa ko magani ta baki, kada a kai shi gida. Sashen gaggawa za ku nufa yanzu, ku riƙe lokacin da abin ya fara, za a tambaye ku."

Ya ce, "Goma da kwata. Mun riga mun sa shi a mota, ga mu nan a hanya."